Ni kaɗai ne Kirista a ofishinmu: ya zan yi da ambulan, ya zan yi da bakina?

"Baba, barka da hutawa. Ni Kirista ne, ɗan asalin Kafur. Bara aka ɗauke ni aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikatar gwamnati a cikin Katsina, kuma ni kaɗai ne Kirista a ofishinmu. Abu biyu ke hana ni barci. Na farko, duk lokacin da aka biya ɗan kwangila sai a raba ambulan, har da ni. Na karɓa sau biyu don kunya, amma raina bai kwanta ba, ina kuma tsoron in na ƙi a ce ina nuna na fi kowa tsarki. Na biyu, a majami'a kullum ana ce mana mu zama shaidun Almasihu a wurin aiki, ni kuwa ko sunan Yesu ban taɓa ambata a ofis ba. Na zama matsoraci ke nan? Yaya Kirista zai riƙe bangaskiyarsa a wuri irin wannan?"

Barka kadai, ɗana. Ka ce abu biyu ke damunka, amma da na karanta sai na ga abu ɗaya ne ya rabu gida biyu. Kana so ka san ko shirunka tsoro ne, kana kuma so ka san yadda za ka yi da ambulan. To shaidar da ake nema daga gare ka a wannan ofis tana cikin ambulan ɗin nan. Muddin kana miƙa hannu, ko ka yini kana ambaton sunan Yesu ba wanda zai ɗauke ka da nauyi. In ka janye hannun, ka kuma iya janye shi ba tare da ka tozarta kowa ba, su da kansu za su fara yi maka tambayar da kake jira.

Na yi aikin gwamnati a ɓangaren kuɗi da binciken kuɗi har na yi ritaya, na zauna Katsina, na zauna Daura, yanzu ina cikin dattawan ikilisiya. Ni ba fasto ba ne, ba kuma lauya ba. Abin da zan gaya maka daga kan tebur da cikin fayil na samo shi.

Ƙasar da kake tsaye a kai

Ka fara da cire wa kanka tunanin cewa kai baƙo ne da ake yi wa alfarma. Kafur, Malumfashi, Matazu, duk ƙasar Katsina ce, kuma akwai Hausawa Kiristoci a cikinta tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1987. A 2023 ma Fafaroma ya kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, ya ɗora Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a kan kujerar bishop. Abin da na fi so ka lura da shi shi ne yadda bishara ta samu ƙofa a nan tun farko. Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan burki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Abin da ya shigo da ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) kusa da birnin Katsina a shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, shi ne jinyar kutare a Babbar Ruga. Wanke miki da ɗaure shi ne ya buɗe ƙofar da lasifika ba za ta buɗe ba. Kakanninka a bangaskiya da aikin hannunsu aka fara sanin su.

Ta fuskar doka kuwa, ƙafarka a kan dutse take. Jihar ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, amma Kundin Tsarin Mulki na 1999 yana nan daram: sashe na 38 ya ba ka 'yancin addini har da bayyana shi da yaɗa shi, sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda addininka. Ka san wannan, ka ajiye shi. Sai dai doka tana gaya maka abin da ka isa ka yi ne, ba ta gaya maka abin da ya kamata ka yi ranar Litinin da ƙarfe tara a gaban oganka ba.

Ambulan

Kada ka bari a ruɗe ka da sunaye. Za a ce na goro ne, za a ce ihsani ne, za a ce ɗan kwangila ne ya ji daɗi ya yi alheri. Ɗan kwangila ba ya raba kuɗin aljihunsa. Tun ranar da ya zauna yin lissafin kwangila ya sa rabon ofis a ciki, kuma a wani wuri zai fanshe: siminti ya ragu, kwano ya zama mai shara-shara, rijiyar burtsatse ta tsaya kafin ta kai ruwa. Ambulan ɗin da ke aljihunka wani aji ne da iska za ta yaye wa rufi a damina ta biyu.

Ma'aunin da na fi amfani da shi daga bakin wani abokin aikina Musulmi na ji shi, wani dattijo ma'aji da muka zauna ofis ɗaya a Daura. Ya ce a hadisi akwai wani da aka aika karɓo zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi Muhammadu ya ce, me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Ka tambayi kanka haka nan. Da kana Kafur kana noman masara, wannan ɗan kwangilar zai neme ka da ambulan? In ba zai neme ka ba, kujerar aka ba, ba kai ba. Littafi Mai Tsarki bai sassauta ba shi ma. Fitowa 23:8 ta ce cin hanci yana makantar da mai gani. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, a Luka sura 3, bai ce su ajiye aiki su bi shi jeji ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa na biyu kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Ma'aikatan gwamnati ne fa, irinka. Dokar ƙasa ita ma a nan ta tsaya: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulki ta hana karɓar komai saboda abin da ka yi ko ka ƙi yi a bakin aiki, ta bar maka kyautar dangi da abokai kawai, gwargwadon al'ada.

Na kawo maka maganar wancan dattijo da gangan. Babban kuskuren da samarinmu ke yi shi ne su ɗauka layin da ya raba ofis shi ne Musulmi can, Kirista nan. A harkar kuɗi ba haka layin yake ba. Masu tsoron Allah suna gefe ɗaya, masu cin amana suna gefe ɗaya, kuma kowane gefe akwai mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a. Ka zuba ido da kyau a ma'aikatarku. Da wuya a rasa wani malam da ya daɗe a mataki ɗaya, mai tsohon babur, wanda in an zo rabo ake tsallake teburinsa ba tare da an ce komai ba. Ka neme shi, ka gaishe shi, ka zauna kusa da shi. Zai fi wani ɗan majami'arku da ke wata ma'aikatar yi maka amfani, domin ya san hanyar da ya bi ya tsira a wannan gidan.

Yanzu yadda ake ƙi. Kada ka ƙi a bainar jama'a, kada ka ja aya, kada ka ce "mu Kiristoci ba ma ci". Wannan maganar ƙarya ce ma, don Kiristoci na ci, kuma tana nufin su addininsu ya yarda, alhali bai yarda ba. Ka sami wanda ke rabon, galibi kashiya ne ko wani na hannun daman oga, lokacin da yake shi kaɗai. Ka gaishe shi sosai, ka tambayi iyali, sannan ka ce: "Yallaɓai, na gode da ake tunawa da ni. Amma don Allah a riƙa tsallake ni. Akwai alkawari tsakanina da Ubangijina a kan irin wannan, ba don na raina kowa ba." Ka tsaya nan. Zai ce kai yaro ne, zai ce kowa na yi, wataƙila ya tura ambulan ɗin cikin fayil ɗin da ke hannunka. Ka zare shi a hankali, ka ajiye a kan teburinsa da hannu biyu, ka sake godiya, ka fita. Bahaushe ya san alkawari da Allah, ba kasafai yake ja da shi ba. Abin da ba ya yafewa shi ne a kunyata shi a gaban yaransa.

Abin da zai tayar musu da hankali ba tsarkinka ba ne, tsoro ne. Wanda bai ci ba yana iya tona asiri. Saboda haka za a gwada ka, a yi maganganu a gabanka a ga ko za su fita. Kada ka zama mai kai gulma ofis-ofis.

Sa hannu ya fi ambulan nauyi

Ambulan zunubi ne tsakaninka da Allah. Sa hannu kuwa shi ya fi kai mutum gaban hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC ko EFCC, shekaru bayan an cinye kuɗin. Na ga ƙananan ma'aikata da yawa da suka tsaya gaban kwamitin bincike suna cewa oga ne ya ce in sa. Mai bincike ba ya ganin "oga ya ce". Bauca yake gani, wato takardar biyan kuɗi, da sunan wanda ya shirya ta, da wanda ya duba, da wanda ya amince.

Don haka ka san aikinka fiye da kowa. Ka karanta ƙa'idojin kuɗi na gwamnati har ka haddace inda ya shafe ka. Baucar biyan kwangila ba ta tafiya sai da takardar ba da aikin, da amincewar mai iko, da takardar shaidar kammala aiki daga injiniya. In kaya aka sayo, sai da takardar shigarsu sito. Idan wani abu ya ɓace, ba sai ka ce da kowa ɓarawo ba. Ka ɗauki biro ka rubuta a fayil, da ladabi: ban ga takardar kammala aiki ba, a taimaka a haɗo. Ka sa kwanan wata. In aka ce ka wuce da ita haka nan, ka ce: "Ranka ya daɗe, a rubuta mini umarnin a fayil, sai in bi." Mafi yawan lokaci a nan maganar ke mutuwa, domin mai ba da umarnin baki ba ya son ganin rubutun hannunsa a ƙarƙashinsa. Wannan 'yar jimlar ta fi dogon wa'azi kare ka.

Ka tuna da Daniyel. A sura ta 6, da maƙiyansa suka tashi neman abin da za su kama shi da shi, littattafan aikinsa suka fara bincikawa, suka rasa ko kuskure ko sakaci. Sai da suka rasa sannan suka koma kan addu'arsa. Mu sau da yawa a juye muke: aikinmu cike da ramuka, in aka ba mu takardar tuhuma sai mu ce tsanani ne saboda Almasihu. Wanda ya kwana a addu'ar dare ya zo ofis ƙarfe goma sha ɗaya yana gyangyaɗi a kan fayil, lokacin gwamnati ya sata, ko da waƙar yabo yake yi a zuci. Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya kamar Ubangiji muke yi wa. Wannan ya haɗa da zuwa a kan lokaci, da fito wa tsohon ɗan fansho da fayil ɗinsa ba tare da ya yi sawu biyar ba, ko sunansa Bulus ko sunansa Abubakar.

Ba zan ɓoye maka kuɗin da za ka biya ba. Za a daina kawo wasu fayiloli teburinka. Tafiye-tafiye masu alawus za su riƙa wuce ka. Ana iya mayar da kai wani sashe da ba ko sisi. Sa'o'inka za su yi mota, kai kana hawa Keke Napep. Masu cewa in ka riƙe gaskiya Allah zai ba ka kujerar darakta nan da nan suna faɗin abin da Allah bai yi alkawari ba. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, kurkuku ya fara gani. Abin da zai taimake ka shi ne ka tsara rayuwarka a kan albashi tun yanzu da ba ka saba da ƙari ba. Kada ka kama hayar da ta fi ƙarfinka, kada ka ci bashin da sai ambulan zai biya. Ka riƙe gonarka ta gida, ka shiga adashi ko ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata. Yawancin waɗanda na ga sun faɗi ba mugunta ce ta kayar da su ba, kuɗin makarantar yara ne ya zo a watan da aljihu ya bushe.

A nan dole in taɓa mu dattawa. Mu ne muke kiran yaro mai ƙaramin albashi ya zama babban baƙo a taron gidauniyar ginin majami'a, mu tafa masa in ya ambaci adadin da muka san albashinsa bai kai ba, ba mai tambayar daga ina. Ushirin kuɗin sata ba ya wanke sauran kashi taran. In an matsa maka a can, ka ba da abin da kake da shi, ka bar kunya ta kama mai matsawar.

Bakinka

Shiru iri biyu ne. Akwai na wanda ke ɓoye ko shi wane ne: ya sauya suna a ofis, a tambaye shi ya kauce, a zagi Almasihu ya yi dariya don a bar shi. Wannan musu ne, kuma Matiyu 10:33 ta yi magana a kansa da kakkausar murya. Akwai kuma na wanda kowa ya san shi Kirista ne, ba ya ɓoyewa, amma bai mai da ofis dandalin wa'azi ba. In na fahimce ka daidai, a na biyun kake, kuma wannan ba tsoro ba ne. Ba a ɗauke ka aiki don ka yi wa'azi ba, kamar yadda ba a ɗauki abokin teburinka don ya yi maka tafsiri ba.

Manzo Bitrus ya rubuta wa Kiristocin da su ma 'yan tsiraru ne a garuruwansu. A 1 Bitrus 3:15 ya ce su zauna a shirye su ba da amsa ga duk wanda ya tambaye su dalilin begensu, da tawali'u da ladabi. Amsa ya ce, wato sai an yi tambaya. Kuma za a yi. Wata rana kuna cin ƙosai wani zai ce, "Kai kuwa Bahaushe da kai, me kake yi a coci?" Kada ka ɗaure fuska. Ka gaya masa abin da ka gaskata game da Yesu, a taƙaice, da bakin mai ba da labarin kansa. Abin da za ka kiyaye kamar wuta shi ne faɗin ra'ayi a kan Annabinsu ko Alƙur'ani. In aka ja ka can, ka ce ka fi sanin naka, nasu su suka fi ka sani. Muhawarar addini a ofis ba ta taɓa kawo kowa ga tuba a gabana ba, amma na ga ta raba mutanen da suka shekara suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Wayarka ma baki ce. A watan Mayun 2022 an kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a kan saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu, bayan 'yan kwanaki kuma aka kama wata ma'aikaciyar lafiya a Warji ta jihar Bauchi saboda bidiyon da ta tura a kan kisan, ta shafe fiye da shekara a tsare kafin daga baya kotu ta sallame ta. Zalunci ne aka yi musu, ban ce sun jawo wa kansu ba. Amma kai ɗana ne, ina so ka daɗe. Zauren ofis na sanarwar aiki ne, kada ka tura komai na addini a ciki, kada ka tanka in wani ya tura.

Sauran kuwa zaman tare ne, kuma ka san shi tun daga gida. Ka je ta'aziyya, ka zauna a tabarma, ka yi shiru lokacin da suke addu'a. Ka je suna da ɗaurin aure. Da azumi kada ka buɗe kular abinci a gabansu. Ranar Juma'a in sun tafi masallaci ka riƙe ofis da fara'a, ranar da kake bukatar fita don hidimar Ista za ka ga an rufa maka. Da Kirsimeti ka kai musu abinci, ka sa Musulmi ya yanka kazar don su ci da kwanciyar rai. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinku, ku yi zaman lafiya da kowa.

In aka danne maka haƙƙi fa? Yana faruwa, ba zan ce ba ya faruwa ba. Amma kafin ka ce saboda addini ne, ka bincika ko Musulmin da ba shi da uban gida shi ma an tsallake shi a ƙarin girma, don sau da yawa rashin ƙafa ne. In ka tabbatar, ka rubuta koke ta hannun shugabanka, ka ajiye kwafi, ka sanar da ƙungiyar ƙwadago. Bayan nan akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Neman haƙƙi ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus da kansa, da aka miƙe shi za a yi masa bulala, ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba a yi masa shari'a ba.

Saura ambulan biyun da ka riga ka karɓa. Ka tuba, kuma tuba irin ta Zakka mai karɓar haraji tana tafiya da mayarwa. In kuɗin na nan, ka haɗa su ka kai wa wanda ya ba ka, a ranar da za ka roƙe shi a riƙa tsallake ka. In ka kashe, ka tara daga albashi. In ya ƙi karɓa sam, kada ka sa su a baikon majami'a, kada kuma su koma cikin cefanenka. Ka sayi magani ka kai wa marasa galihu a asibiti, ba tare da sunanka ya fito ba. Wannan shawarata ce ta dattijo, wani malamin Littafi zai iya ganin wata hanyar, don haka ka zauna da fastonka ku duba.

Amma in akwai sa hannunka a kan baucar aikin da ka san ba a yi ba, wannan ya wuce abin da zan warware maka a rubuce. Ka nemi lauya mai riƙon sirri tun kafin masu bincike su zo, ka tafi masa da lambar baucar da kwanan watanta.